Tambayar Ruƙayya a Ɗakin Kallo

Shekara tara na yi a gidan rainon yara a unguwar Rusaifa, can ƙasa mai tsarki, amma ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da Ruƙayya ta ɗaga hannu ana tsakiyar kallo. Lokacin ni ce mushrifa, wato mai kula da masu raino, kuma ni ke tace fim kafin a kunna wa yara a goman ƙarshe na azumi. Ƙa'idar a rubuce take: a duba sutura, a duba zagi, a duba tsafi. In babu, sai in sa hannu in miƙa wa mudira, shugabar gidan. Ba yabon kai ba, na iya aikina.

Fim ɗin na zane ne, tas da shi. Wata yarinya ce babanta ya yi tafiya mai nisa, kullum tana bakin ƙofa tana jira. Yayarta kuwa, da aka zana da fuska a murtuke, sai tambaya take ta yaya zai zo. Safiyar Sallah sai ga uba da tsaraba, aka ce ai don ƙaramar ba ta taɓa yin shakka ba ne.

Ruƙayya shekararta bakwai. Wata biyar kafin nan aka mayar da babanta Maraɗi saboda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare. Ta ɗaga hannu ta kira ni yadda yaran ke kiranmu, ta ce, "Abla, shi wannan baban wa ya ba shi biza?" Yara suka fashe da dariya, suka liƙa mata sunan yayar nan. Ni ma, Allah Ya yafe mini, cewa na yi ta rufe baki ta yi kallo.

Bayan hutun Sallah ta dawo ba ci, ba magana. Mahaifiyarta ta shaida mini cewa ranar Idi a bakin ƙofa ta wuni, ko takalmi ba ta cire ba. Na ja Ruƙayya gefe na yi ta lallashi. Can ta ce, "Abla, da ban yi tambaya ba, da ya zo ko?"

Haushin kaina ya kama ni. Na sami mudira, ta ce fim ne kawai, yara na bukatar fata, in gaya wa Ruƙayya ta ƙara haƙuri da yarda, babanta zai zo Babbar Sallah. Na ce ba da bakina ba, don in Babbar Sallah ta wuce bai zo ba, laifin zai sake komawa kan yarinyar. Ta ce to in yi yadda na gani, amma da izinin uwar.

Ni da uwar muka zaunar da Ruƙayya, na faɗa mata dalla-dalla cewa takarda ce ta tsare babanta, tambayarta kuma daidai ce. Muka kira shi a waya. Ta ce, "Baba, yaushe?" Ya ce, "Ban sani ba, 'yata. Amma ina nema." Ta yi kuka sosai, sannan ta nemi abinci.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan daga gare ni. Yaro na iya ɗaukar "ban sani ba". Abin da ke karya shi shi ne babba ya bar shi yana zaton shakkarsa ce ta hana ubansa dawowa.