Wadda Ta Yanke Mini Cibi

Yau da safe na karɓi haihuwa a asibiti, sai na ji ƙamshin kanumfari a bakin kakar jaririyar. Nan take na tuna da tsohuwar da ta karɓi tawa haihuwar a unguwar Ƙurban ta Madina, ungozomar matan da ba su da iƙama, wato takardar izinin zama. Kullum da kanumfari a kuncinta.

Da na isa shiga makaranta aka ce sai da takardar haihuwa, a ofis kuma aka ce sai da mai shaida. Maƙwabta duk suka noƙe, kowa na tsoron a kama shi a mayar gida. Na yi kuka har muryata ta dushe.

Tsohuwar ta yafa mayafinta. Innata ta riƙo hannunta: "Hajiya, ke ma fa ba ki da iƙama!"

"Ni na yanke mata cibi. Wa zai faɗa in ba ni ba?"

Ta dangwala yatsa, aka ba ni takarda, ita kuwa aka sa ta jirgi. Burinta a binne ta a maƙabartar Baƙi'a, amma a Damagaram ta rasu.

Ya Allah, ni na raba ta da ƙasar Madina. Ka tashe ta cikin mutanen Baƙi'a.