Saniyar da Ba Ta Gitta Ba

Shekara tara ke nan da muka kai ƙanena Sanusi makwancinsa, kuma shekara tara ke nan muna ɗora wa wata saniya alhakin mutuwarsa. Duk wanda ya zo mana gaisuwa a Tambuwal labari ɗaya ya ji: Sanusi ya taso daga Fakku a kan babur, saniya ta gitta masa, ya kauce, ya daki bishiya. Daga bakina labarin ya fara fita, alhali na san babu wata saniya.

Shekararsa ashirin da biyu a lokacin. Ni ne babba a ɗakinmu, shi ne auta, har baƙi kan ɗauka ɗana ne. Da safe yana gona, da yamma ya hau babur yana kabu-kabu tsakanin Tambuwal da ƙauyukan Kebbe. Tsofaffin mata suka fi sonsa, don ba ya gudu da su, kuma duk wadda ya ɗauka sai ya yi mata alkawarin aure kafin ya sauke ta. Har yau akwai wata tsohuwa a Jabo da in ta gan ni sai ta ce mijinta ya tafi ya bar ta.

Ranar da abin ya faru sun yi gayyar yankan gero a gonar wani abokinsa tun da asuba. Bayan la'asar ya kamo hanyar gida shi kaɗai. Gari da haske, hanya fetal. Wani manomi da aka yi a gabansa ya ja ni gefe ya ce babur ɗin miƙewa kawai ya yi ya bar hanya, ko birki ba a taka ba, kamar mai shi barci yake.

Gidanmu gidan malamai ne, don haka ni da mahaifinmu, Malam, muka yi masa wanka. Ina cire masa wando na ji wani abu a aljihu. Katin ƙwaya ne, irin wadda samari ke sha wai don kada su ji gajiyar aiki, an ɓalle kusan duka. Malam ya miƙo hannu na ba shi, ya dunƙule, ya dube ni ya ce, "Mai wanka ba shi faɗin abin da yag gani." Na san karatun, a gabansa na yi shi: ana rufa wa mamaci asiri. Da na fito, Inna ta riƙe rigata tana tambayar yadda aka yi, sai na ji bakina ya ce saniya ce ta gitta.

Nakan tambayi kaina abin da Sanusi zai ce da zai leƙo yau. A zamaninsa ɓoyewa ake yi, shi ya sa muna cin tuwo kwano ɗaya ban taɓa sani ba. Yanzu kuwa a tasha, ido na ganin ido, yaro zai jefa ta a shayi ko lemon kwalba, ya shanye, ya goge baki ya ɗauki fasinja. Wasu masu gona ma su ke saya wa 'yan ƙwadago don aiki ya yi sauri, ba sa tunanin da me yaran za su koma gida. Ka ba ɗayansu giya ya ce auzubillahi, amma wannan wai ai magani ce, daga kemis ta fito. Ina jin Sanusi zai fara dariya yadda ya saba, sannan dariyar ta tsaya masa a wuya.

Na gaji, gaskiya. Na gaji da tsayuwa a sahun jana'izar yaran da na koyar a firamare. Kowane da dalilinsa: wannan rami ya faɗa, wancan taya ce ta fashe, na baya akuya ce ta shiga gabansa. Wasu gaskiya ne, hanyoyinmu ba su da kyau. Amma dabbobin ƙasar nan sun ɗauki laifin da ba nasu ba, kuma in na ji ana ba da irin labarin nakan sunkuyar da kai, don na san yadda ake haɗa shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne ɗana Nasiru. Shekararsa ashirin, ya yi babur, kuma ko a tafiya Sanusi ne sak. Watan jiya ya dawo daga gona zai kai mahaifiyarsa suna Jabo. Ta riga ta yafa mayafi tana jira. Na dubi idanunsa, na ji yadda harshensa ya yi nauyi da ya gaishe ni, sai na gane ya sha ƙwaya. Na zare makullin, na ce mata ta nemi mota, shi kuma na ja shi zaure. A nan na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, tun daga maganar manomin har zuwa aljihun wando. Ina magana ina jiran ya firgita.

Bai firgita ba. Sai ya ce, "Baba, ai dut mun sani. 'Yan tasha sunka faɗa muna tun muna ƙanana." Na tambaye shi, to ya sani kuma yake sha? Ya ce, "Mun ga ba wanda yat taɓa magana. Nic ce da ita ta kashe Baffa, da kun faɗi."

Ashe asirin da na yi shekara tara ina dako kowa na da shi. Abin da shiruna ya koya wa yaran kawai shi ne abin bai kai a yi magana a kansa ba.

Ba na ganin laifin Malam, Allah Ya jiƙansa. Ɗansa yake karewa daga bakin mutane, kuma Inna ta rasu da sanyin zuciya. Amma ban yi zaton an ce a rufa wa mamaci asiri don a miƙa masu rai ga abin da ya kashe shi ba. Makullin yana aljihuna har yanzu. Na kai Nasiru wajen likita, domin an ce bari farat ɗaya ba ya yiwuwa ga wanda jikinsa ya saba. Wata rana yakan je da kansa, wata rana sai na tsaya a kansa. Ban san yadda za ta ƙare ba.

Me ya rage na Sanusi? Addu'ar tsofaffin da ya ɗauka a hankali, da dariyarsa da nakan ji a bakin Nasiru, da wannan gaskiyar da na hana shi amfanar kowa da ita. Shi mai ja wa mutane birki ne in ya ɗauko su, kansa kaɗai ya kasa ja wa. Allah Ya gafarta masa.

Sanusi, ka yafe wa yayanka. Na gwammace in tona asirinka a jarida da in tsaya da waɗannan hannuwan in yi wa Nasiru wanka.