An Karkatar da Lambar Bilyamin Zuwa Gida

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga Sha'aban 1446, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Bilyamin Mahmud, mai kula da wayoyin ofishin ƙungiyar manoma a ƙauyenmu da ke kusa da Suki, bayan gajeriyar jinya. An yi masa sutura bayan azahar. Ni Zakariya, magatakardan rabon ruwa, ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Na zuba ƙasa da hannuna, na dawo ofis na zauna a kujerata. Har yau hawaye bai zo mini ba, Bilyamin. Ina cin abinci, ina amsa gaisuwa, amma kamar wani ne yake yi a madadina.

Kai ka kawo mana wayoyin nan na tebur masu aiki da intanet, ka ba kowane ɗaki lambarsa. Mun zaci mudir, shugaban ofis, shi zai sami lamba ta farko. Sai ka soma ƙirga daga bakin ƙofa, mai gadi ya tashi da ɗari da ɗaya, mudir ya faɗo can ƙarshe kusa da ɗakin shayi. Da ya tambaye ka dalili, ka ce baƙo daga ƙofa yake fara sallama. Ya yi dariya ya bar maganar.

Ka sha wahala da mu a kan alamomin nan. Tauraro a gaba idan za a ba wayar umarni, tara kafin a fita layin waje, sannan alamar # da muke kira shubbak a ƙarshe don ta san an gama. Ni kullum shubbak nake mantawa, in tsaya ina sauraron shiru ina zagin waya. Kakan leƙo daga teburinka ka ce mai rabon ruwa guda bai iya rufe ƙofa ba, Allah Ya kyauta wa gonakin mutane. Ba ka taɓa ƙosawa ba. Kuma duk wayar da aka bari tana kuka ba a ɗauka ba, ka tsara ta faɗo teburinka. Da haka manoman da ke can ƙarshen tur'a, wato magudanar ban-ruwa, inda ruwa ke isa a makare, suka haddace lambarka, ko da yake yawancinsu ba su taɓa ganin fuskarka ba.

Akwai wata al'ada da ka kafa, ba wanda ya sa ka. Lokacin da Alhaji Salihu mai sito ya rasu, an ce ka ba magajinsa lambarsa. Ka roƙi a dakata sai an yi arba'in, ka karkatar da lambar zuwa wayar gidan mamacin. Ka ce mutanen da suka saba kiransa ba su cancanci su ji baƙuwar murya ta ce musu babu shi ba. Gara su faɗa gidansa, su yi ta'aziyya inda ya kamata. Tun daga nan haka kake yi wa duk wanda muka rasa, kuma a 'yan shekarun nan mun rasa da yawa.

Da na je zaman makokinka na tarar da tabarma ta fi mutane yawa. Yaƙi ya watsa dangi, wasu suna Gadarif, wasu sun haye iyaka, hanyar Wad Haddad kuwa ba kowa ke iya binta ba. Mahaifiyarka, Iya Habi, tana zaune tana kallon ƙofa. Ba ta yi ƙorafi ba, sai dai ta tambaye ni ko mutanen da kake yi wa aiki sun ji labari. Na ce za su ji.

A ofis wayarka ba ta daina kuka ba. Sunanka yana fitowa a ɗan gilashinta, muna kallonta, ba mai iya miƙa hannu. Mudir ya ce a cire ta daga bango. Na ce ya ba ni dama in gwada abin da kake yi wa mutane. Na zauna a kujerarka, na danna tauraro da lambobin da ka koya mini, na sa tara, na sa lambar Iya, na rufe da shubbak. Ta yi ɗan ƙara sau ɗaya ta yi shiru. Ban san ko ya yi ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Ranar Juma'a na koma gidanku. Iya tana riƙe da wayarta a cinya. Matarka Asabe ta ce tun jiya ba ta ajiye ta ba: mutum ya kira yana faɗa a kan ruwan hawasharsa, wato gonarsa, ya ji muryar tsohuwa, sai ya soma salati. Wani daga wajen Makwar ya yi kuka har kuɗin wayarsa suka ƙare. Na ba Iya haƙuri, na ce idan kiran ya dame ta zan mayar da shi ofis.

Ta ce, "Kak ka taɓa ta, ɗana. Wanga yaro bai taɓa hwaɗa min yana da mutane haka ba. Kowa yak kira sai ya yi min ta'aziyya, ya ce al-baraka fikum, Iya, sai ya ba ni labarinai. Ni da nih haihe shi, yanzu nika saninai."

Muna cikin haka wayar ta sake kuka. Ta gyara mayafi kamar baƙo ya yi sallama, ta ɗauka.

Allah Ya jiƙanka, Bilyamin, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Asabe da 'ya'yanka, Alamin da Rayan, Allah Ya raya su, Ya ba su haƙurin rashi. Iya Habi kuwa, ranar arba'in wayarta za ta yi shiru, kuma ni ne zan danna lambobin da za su mayar da kiran ofis. Allah Ya ba ta juriyar wannan rana, ni ma Ya ba ni. Amin.