Dona Nilzete da Na'urar Teresina

Dona Nilzete ba ta yarda da duk abin da ya cika sauri ba. Mahaifinta kifi yake sayarwa a bakin teku a nan Fortaleza, a wurinsa ta koyi shinshina kaya kafin ta taya. Tare muka yi aiki a wani ƙaramin kamfanin intanet. Aikinta raba cunkoso tsakanin manyan na'urorin da muka ajiye a garuruwa, kusa da masu amfani da layinmu. Wadda ta fi saurin amsawa, ita ake ƙara wa lodi.

Wata shekara na'urar garin Teresina ta fara tsere wa sauran. Manhajar rabo ta dinga tura mata jama'a, oga kuwa ba ya gajiya da yabon Genivaldo, abokin aikinmu da ya haɗa ta.

Muna cin shinkafa da wake da rana, sai ta ture faranti ta dube shi. "Me ka ba ta ta sha?"

"Dona Nilzete, ke ko madubi kika duba sai kin nemi shaida," in ji shi.

"Tsohuwar na'ura, a zafin Teresina, ta fi sababbi? Ka taɓa wani abu."

Ta samu oga ta ce Genivaldo na murɗe ma'aunin gudu don a ɗaga shi. Oga ya yi biris. Ta hau bas zuwa Teresina, ta sauka gidan ƙanwarta, ta shiga intanet ta layinmu. Shafuka na buɗewa nan take, amma da yawansu fari fat. Ashe ma'ajiyar bayanan na'urar ce ta lalace, na'urar tana mayar da amsa babu komai a ciki, shi ya sa take sauri. Babu hannun kowa.

Aka gyara, aka sa manhajar ta riƙa duba cikin amsa, ba gudunta kaɗai ba. Amma zancen ƙarar ya kai kunnen Genivaldo. Bai yi faɗa ba, ya dai daina zama teburinmu. Bayan damina ya koma wani kamfani a Recife.

Yanzu ta yi ritaya, tana kiwon kaji a Aquiraz. Da na kai mata ziyara na ambace shi. Ta daɗe tana juya kofi a hannu.

"Ban ce shi ya lalata ta ba," ta ce. "Amma mutum ya haɗa abu da hannunsa, a ce bai ji a jikinsa ba?" Sai ta ƙura mini ido. "Shi ya turo ka?"