Ranar da Barakatu ta yi sharhin fim ɗin tsohon rumbu

Barakatu mai kitso 'yar cikin garin Daura ce. A gidan Sada dillalin shanu aka haife ta, wanda duk ranar kasuwar Mai'adua ba a rasa shi a kara, wurin cinikin shanu. A waje Sada mutum ne mai fara'a, mai saurin zuwa jana'iza da ɗaurin aure, ɗan sahun gaba a masallacin unguwa. A cikin gida kuwa dorina ce ke magana. A bayan ƙyauren zaure yake rataye ta, in ya shigo ya tarar akuya ta kwance ko tuwo ya huce, sai ya koma ya ɗauko. Babban ɗansa Mainasara ya fi kowa shan ta, tun yana yaro bayansa ya zama kamar gonar da aka yi wa huɗa. Matar Sada, Hadijatu, ta rasa haƙoran gaba a hannunsa, ta ce wa maƙwabta zamewa ta yi a bakin rijiya. Ita Barakatu tana da tabo a girar hagu, na kwanon sha da uban ya jefe ta da shi tana ƙarama. Dokar gidan ɗaya ce, kuma uwar ta fi uban tsare ta: abin da ya faru a tsakar gida ba ya tsallake zaure.

Aure ne ya fitar da Barakatu daga wannan gida. Ta auri Zulkifilu, tela mai shago a bakin kasuwa, mutum mai sanyin hali da ko tsawa bai iya ba. Shi ya saya mata bidiyo da ƙaramar talabijin. A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a masu gidajen kallo suka shiga ɗari-ɗari, kallon fim ya koma cikin ɗakuna, hannun mata. Barakatu kuwa ta riga ta yi suna a shuku da kalaba, tsakar gidanta ba ta rabuwa da mata masu jiran layi. Kan mace na kan cinyarta, kibiya na hannunta, sai ta shiga ba su labarin kaset ɗin da ta kalla.

Ba labari kawai take bayarwa ba, hukunci take yankewa. Za ta ce wance ta iya kuka amma ba ta iya shiru ba. Za ta ce wannan fim kashi na ɗaya ya isa, na biyu cin lokacin mutane ne. In an nuna talaka da sabon takalmi sai ta gani. Har ta kai mai bayar da hayar kaset na unguwar yakan aiko matarsa kitso don ya ji wane kaset zai ƙaro, saboda wanda Barakatu ta kushe a kan kantar shago yake kwana.

Ana haka tsufa ya kama Sada, amma bai saki dorina ba. Wata rana da la'asar Khairat, 'yar Mainasara wadda ba ta daɗe da fara makaranta ba, ta ture wa kakan nata buta. Ya zabga mata dorina a fuska. Mainasara, wanda a lokacin ya zama ƙato, ya gaji uban a kara, yana zaune a wurin. Ya tashi ya riƙe hannun tsohon, suka yi kokawa, ya ɗaga shi ya maka da ƙasa. Ƙeyar tsohon ta daki bakin turmi. Jini ya malala har ƙarƙashin randa. Barakatu ta zo gaida uwarta ke nan, a kan idonta aka yi.

Sada bai mutu ba, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya karye. Kafin a kai shi asibiti Hadijatu ta riga ta shirya abin da za a faɗa: daga babur ya faɗo a hanyar Mai'adua. Ta riƙe hannun Barakatu ta sa ta rantse, ta ce in maganar ta kai gaban alƙali ɗanta ya halaka, kuma babu mai sake neman aure a zuriyar da ɗa ya daki ubansa.

Da farko ana zuwa dubiya. Sai dai duk sanda Mainasara ya shigo gaban baƙi, tsohon yakan ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna shi, yana wani irin gurnani, yawu na zuba. Sai aka mayar da shi ɗakin baya kusa da turken awaki, aka ce likita ya hana a dame shi. Da ya fara jan ciki yana fitowa tsakar gida, Mainasara ya ɗaure masa ƙafa da igiyar shanu a jikin ƙafar gado. Dorinar ma ta koma hannunsa. Matarsa Fadila ta sha ta, Khairat ɗin da ya kare ma ta sha ta. Barakatu na zuwa tana wanke uban, tana ganin yadda igiya ta ci idon sawunsa har ya ruɓe. Ta taɓa cewa, "Yaya, ko a sassauta masa?" Marin da ya yi mata sai da ta ga wuta. Uwarsu ta juya baya ta ci gaba da tankaɗe.

Damina biyu aka yi a haka.

Sai wani fim na barkwanci ya fito wanda mata suka raɗa wa suna na tsohon rumbu. Labarin wani gida ne da kowa ke ɓoye abin kunyarsa: maigida ya ce yana aikin ofis alhali dako yake yi a wani gari, uwargida ta sayar da ragon layya ta ce kura ta ɗauke, ɗansu an kore shi daga makaranta amma kullum sai ya sa yunifom ya fita. Kakan gidan ne kaɗai ya san komai, kuma bakinsa ba ya rufuwa, don haka da an yi sallama sai a ɗaure shi a cusa cikin rumbu. Gari ya ɗauka, yara na kwaikwayon tsohon a kan titi.

Ana jibi bikin wata maƙwabciya, mata suka cika gidan Barakatu, har da baƙi daga ƙauye. Cikinsu akwai Shatu, matar Ja'afaru ƙanen Sada, manomi a Sandamu, wadda sau da yawa tana zuwa dubiya ana ce mata tsoho na barci. Aka ce sai Barakatu ta faɗi ra'ayinta kan fim ɗin.

Ta fara da yabo. Ta ce wadda ta fito a uwargida ta iya ƙarya da ido, kuma wurin da tsohon ya yi atishawa a cikin rumbu aka ce wa baƙo zakara ne ke mura, ita kanta sai da ta riƙe ciki. Mata suka kwashe da dariya. Ta ce amma waƙoƙin sun yi tsawo, murya na ɗaukewa a kashi na biyu, kuma ƙarshen da kowa ya faɗi laifinsa aka rungumi juna an yi shi ne don kaset ya ƙare. Ta tsaga wani layin kitso, ta lakato mai. Daga nan muryarta ta canza.

"Wanda ya shirya fim ɗin nan bai taɓa ganin tsohon da aka ɗaure ba," in ji ta. "Ana fito da shi ƙafarsa sumul, rigarsa fes. Igiya cin nama take yi. Ɗakin wari yake, sai ka toshe hanci. Kuma mutanen gidan ba sa guje-guje suna raɗa. Zama suke su ci tuwonsu yana kira, babu mai ɗaga kai."

Babu wadda ta yi dariya. Shatu ta dube ta ta ce, "'Yar nan, ke a ina kika gani?"

Barakatu ta mayar da ido kan layin da ta tsaga. Ta ci gaba da kitso, har wadda ake wa ta ce tana ja mata gashi. Shatu ba ta jira layinta ba, ta yafa mayafi ta fita neman motar Sandamu.

Washegari da hantsi Mainasara ya faɗo gidan ba sallama, dorina a hannu ɗaya, sandar kora shanu a ɗayan. Maganar ta riga ta zaga unguwa ta isa kunnensa. Matan da ke jiran kitso suka watse, wata ko takalmi ba ta ɗauka ba. Ya fara da ɗaki. Sanda ɗaya ya fasa talabijin, ya jefo bidiyon tsakar gida ya tattake, ya zazzage kwalin kaset. Sannan ya damƙi gashin Barakatu ya ja ta a ƙasa daga bakin ɗaki har gindin darbejiya. Ya yi ta zabga mata dorina ta ko'ina, yana cewa ita ce za ta kai shi gidan yari, ita da ta rantse. Da ta kare fuska da hannu ya sa ƙafa. Wani shuri ya same ta a kunnen hagu, ta ji wani abu ya fashe a ciki, duniya ta yi tsit ta wannan ɓangaren.

Wata daga matan da suka gudu ce ta kai wa Zulkifilu labari a shago. Ya shigo a guje da tef ɗin awo a wuyansa, ya shiga tsakani yana cewa, "Yaya Mainasara, don girman Allah." Mainasara ya sauke masa sanda a kan hannun dama da ya ɗaga. An ji ƙarar ƙashi har soro. Ya durƙushe, Mainasara ya sake ɗaga sandar yana auna kansa.

Barakatu ta rarrafa ta jawo taɓarya. Ta miƙe, jini ya rufe mata ido ɗaya, ta haɗa ƙarfinta duka ta sauke wa Mainasara a gwiwa ta baya. Ya faɗi. Ta ƙara masa a kafaɗa, sandar ta suɓuce. Ta ɗaga ta uku, saitin kansa, ta tsaya a haka tana haki, sannan ta yar da ita gefe. A lokacin maza suka cika gidan, aka danne shi.

Ana wannan, Ja'afaru ya iso daga Sandamu da 'ya'yansa maza, suka wuce gidan Sada kai tsaye. Hadijatu ta tare ƙofar ɗakin baya da jikinta tana cewa barci yake. Suka ɗauke ta gefe suka ɓalle kwaɗon. Da aka fito da tsohon tsakar gida, da igiya a ƙafarsa, ya rame kamar kara, Ja'afaru ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. 'Ya'yansa kuwa suka nufi inda ake tsare da Mainasara, jama'a na biye da su da duwatsu da itacen girki. Kafin mai unguwa da 'yan sanda su ƙwace shi an fasa masa kai, an karya masa haƙarƙari. Da ƙyar aka jefa shi a mota.

A kotu Barakatu ta ba da shaida da bandeji a kai. Ta faɗi yadda Mainasara ya maka uban da ƙasa, da ɗaurin, da komai. Ba a tambaye ta ba, amma ta faɗi dorinar da aka zabga wa Khairat a ranar, da irin dukan da shi Mainasaran ya tashi a cikinsa. Alƙali ya saurara har ta gama. Aka yanke masa ɗauri da bulala. Hadijatu na zaune a bayan kotun, da suka fito ta wuce 'yarta kamar ba ta san ta ba. Daga baya ta koma wurin danginta, har ta rasu magana ba ta ƙara haɗa su ba sai gaisuwa.

Da aka zo maganar wanda zai riƙe tsohon, Ja'afaru ya ce a kai masa shi Sandamu. Barakatu ta ce, "Baffa, ku manoma ne, wuni kuke a gona. Ku bar mini shi." Ta share ɗakin da ke kallon tsakar gida ta sa shi a ciki, ta cire labulen ƙofar don ya riƙa ganin mutane. Mata na kitso yana kallonsu. Wata rana tana ba shi kunu, ya yi masa zafi, ya ɗaga hannun nan mai lafiya ya kai mata duka a baki. Ta riƙe hannun ta danne shi a kan tabarma, ta ce, "Baba, nan gidan ba a duka." Ta fifita kunun ta ci gaba da ba shi. Bai cika shekara a wurinta ba ya rasu, gyambon ƙafar bai gama warkewa ba.

Hannun Zulkifilu ya ɗoru a karkace, almakashi ya gagare shi, ya koma sayar da yadi da zare a shagon. Bai taɓa yi mata gorin abin ba. Wasu matan sun daina zuwa kitso, suna cewa bakinta ya rusa gidan ubanta. Wasu kuma daga unguwanni masu nisa suka fara zuwa, in an watse su tsaya a baya su yi mata magana ƙasa-ƙasa ta kunnen dama, game da nasu gidajen. Ba ta da abin ba su sai sauraro, wani lokaci ta raka mace wurin mai unguwa.

Fadila ta nemi saki ta yi wani aure a Dutsi, Khairat ta tashi a hannun Barakatu har ta gama sakandare. Mainasara da ya fito bai kwana a Daura ba, ya tsallaka Nijar yana ɗingishi, ana cewa yana bin fataken dabbobi. Lokaci-lokaci wani ɗan acaɓan kan iyaka yakan tsaya a ƙofar gida ya ce an ce a gaida Khairat, a kuma gaida gwaggonta. Barakatu takan sa a kai masa ruwa, ta ce ya faɗa wa Mainasara 'yarsa na lafiya. Nata saƙon har yau ba ta bayar ba.