Tsuntsayen Yaya Rudesindo

Shekara arba'in ina hassadar yayana Rudesindo, kuma ban ga ranar dainawa ba. A Melinka, garinmu na masunta a bakin teku, kowa ya san shi. Gajere ne, ba ya magana sai dole, amma in ya fita teku ba ya dawowa da jirgi wayam. Ni ne mai tsawo, ni ne mai baki, ni ne kuma mai dawowa da rabin kwando.

Tun muna samari yake kallon tsuntsaye. Manyan nan masu dogon fiffike da ke shawagi bisa ruwan sanyi, in suka taru suna faɗawa ruwa, to ƙananan kifaye suke ci, kuma a ƙarƙashin ƙananan ne merlusa, babban kifin da muke nema, yake kiwo. Duk inda suka faɗa, a nan yake sakin ƙugiyoyinsa.

Shekarar da ƙafafun Baba suka gaza, ya ce jirginsa na wanda ya fi kawo kifi a wannan kakar ne. Jirgin nan na so shi kamar raina. Na ari na maƙwabci, na yi shawara ni kaɗai: tunda tsuntsaye ne arzikin Yaya, zan ƙwace masa su.

Na riƙa tara hanjin kifi a bokiti ina watsawa a bayan jirgi. Cikin sati guda sun rufe ni ruf, ko sama ba na gani. Na wuce ta gabansa ina ɗaga hannu.

"Yaya, yaranka sun sauya ubangida!"

Ya kurɓi shayinsa na ganyen mate. "Ka riƙe su da kyau, Nolberto. Suna da ci."

Suna da ci kuwa. Da na saki ƙugiya, kafin ta nutse sun tsince koton. Wata biyu ina ciyar da su, ina jawo ƙugiyoyi tsirara. Shi kuma can nesa yake, yana bin 'yan ƙalilan da suka raina hanjin da nake watsawa suka tafi neman kifi mai rai.

Ranar da Baba ya miƙa masa jirgin, Yaya ya dafa kafaɗata. "Da ma masu kwaɗayin ne ke ruɗa ni, ƙanena. Ka kwashe min su, na gode."

Bara muka binne shi. Ɗansa ke tuƙa jirgin yanzu. Ni kuwa har yau in na fita, tsuntsayen nan ni suke bi.