Ƙofar Kawu Bitrus

Duk wanda ya taɓa wanki a bakin rafin bayan layin dogo a Kafanchan ya san usur ɗin Kawu Bitrus, yayan mahaifiyata. Da ya yi ritaya daga reluwe sai ya koma filinsa na gado a bakin ruwa, ya dasa mangwaro, ya jera benci, ya kafa ƙofar katako. Ƙofa kawai fa, ba shinge! Kowa ya shiga kyauta, amma dole ta ƙofar, kuma da gaisuwa.

Ranar wata baftisma, Fasto ya kewaye ƙofar da mutum ashirin cikin fararen kaya suna waƙa. Sai fiiit! Kawu ya ce, "Fasto, ba kai ka koya mana a bi ta ƙofa ba? Ribas!" Haka suka koma da baya, waƙar ma ba ta tsaya ba.

Jauro mai shanu ya fi kowa shan wuya. Ɗaya bayan ɗaya shanunsa ke shiga, Kawu na ɗaga jar tuta. Da wani bijimi ya ƙi, Kawu ya ce ai ko mai shi ba ya gaisuwa, ba mamaki.

Ana nan wani ɗan kwangila ya zo sayen filin zai gina otal, yana rantsuwa ba zai hana kowa ruwa ba, ɗan bango kawai zai yi. Kawu ya ce, "Ƙasar tawa ce, ruwan na Allah. Je ka shirya da mai ruwan tukuna."

Mun yi dariya, muna ce masa mai taurin kai. Ashe mu ne ba mu gane ba.

Bai cika shekara biyu a kabari ba 'ya'yansa suka sayar. Yanzu akwai bango, da ƙofar ƙarfe daidai inda tasa take, da allo wai wurin shaƙatawar jama'a ne. Ran nan na raka Mama da kwanon wanki a ka. Maigadi ya ce ba a shiga da wanki. Ta gaishe shi har sau biyu, ya ƙi buɗewa. Muka juyo, tana kuka a hankali, ni ma na kasa riƙewa.

Ya Ubangiji, bawanka Bitrus bai taɓa rufe wa kowa ƙofa ba. Ka buɗe masa taka. Amin.